Ƙa'idar Aiki a Matsayin Dukiyar Ilmi: Tarihin Bincike a Kewayen Dajin Falgore

Gabatarwa

Idan aka aiki mai binciken kuɗi ya lissafa kadarorin wata cibiyar bincike, abin da zai kawo a takarda sananne ne: gine-gine kaza, motoci kaza, madubin likita kaza, fili eka kaza. Da wuya ya saka littafin da aka rubuta yadda ake auna ruwan sama a cikinsa, ko rajistar da wani malamin gona ya shekara talatin yana cikawa kowace safiya da ƙarfe ɗaya, a wuri ɗaya, da ma'auni ɗaya. Alhali kuwa gini in ya rushe akan sake shi da kuɗi, mota in ta mutu akan sayo wata, amma ruwan da ya sauka a Agustan wata shekara ba a auna shi ba, ya tafi ke nan, babu baitulmalin da zai dawo da shi.

Manufar wannan lacca ita ce ta nuna, ta hanyar tarihi, cewa ƙa'idar aiki da tsayayyen ma'auni su ne jarin da cibiyar bincike take tsaye a kansa. Abin nufi da ƙa'idar aiki shi ne hanyar da aka amince a bi wajen yin wani aiki, aka rubuta ta, aka koya wa ma'aikata, aka kuma dage a kanta shekara da shekaru, har ya zama abin da aka auna bara ana iya gwada shi da na bana ba tare da shakka ba. Za a ɗauki misalai daga ƙasar da ke kewaye da dajin Falgore a kudancin Jihar Kano da maƙwabtanta, domin a wannan yanki an ga yadda aka tara irin wannan dukiya, an kuma ga yadda ta zube.

Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Dajin Falgore yana kudu da birnin Kano a kan hanyar Jos, cikin ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya kai wajen hekta 92,000. A ƙarshen shekarun 1940 Turawa suka killace shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a ƙarshen shekarun 1960 kuma aka mai da shi wurin kiyaye namun daji. Kogin Kano yana ratsa shi daga kudu, ya gangaro ya cika tafkin Tiga a ƙasar Bebeji. Kudu da dajin akwai duwatsun Riruwai masu kuza. Yamma da shi, bayan an tsallaka iyakar Kano da Zazzau, akwai Anchau, gaba kuma akwai Samaru ta Zariya. Waɗannan wurare huɗu su ne matakan wannan tarihi, za a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Riruwai: Ilmin da Ya Zauna a Hannu Kaɗai

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai sun san narkar da kuza. Sukan wanke yashin rafi su ware baƙin dutsen, su zuba shi da gawayi a matoya ta yumɓu, a yi ta zuga har ƙarfen ya kwararo, sa'an nan a zuba shi a ƙananan ramuka da aka fitar da siffarsu da tsinken ciyawa, ya fito sirara-sirara kamar tsinke. Fatake sukan kai waɗannan tsinkaye kasuwar Kano da nesa da ita. A ƙarni na 19 wasu daga cikin masu sana'ar suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi suka kafa Riruwan Dalma. Tsinkayen nan ne suka jawo hankalin Kamfanin Neja, har ya aika masu neman asalinsu a 1902, daga nan kuma haƙar kuza ta Turawa ta kafu a tsaunukan Jos.

Babu shakka masu narkar da kuza suna da ƙa'ida. Sun san yawan gawayin da ya dace da yawan dutse, sun san launin wutar da ke nuna lokaci ya yi, sun san irin yumɓun da ke jure zafi. Sai dai duk wannan sani a ido da hannu yake, ɗa yana ɗauka daga uba a bakin matoya. Da dokokin ma'adinai na mulkin mallaka suka miƙa filayen kuza ga kamfanoni, aka taƙure masu sana'ar, ba a kai ƙarshen shekarun 1920 ba wutar ta mutu. Wasu Turawa sun rubuta bayanin abin da suka gani, amma bayanin ɗan kallo ba ya isa a kunna matoya da shi. Ƙarfin mulki ne ya kashe sana'ar, rashin rubutacciyar ƙa'ida daga masu ita kuwa shi ya sa ba ta tashi ba bayan mulkin ya wuce. Wannan shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada sauran misalan da shi.

Anchau: Yadda Aka Mai da Farautar Ƙuda Ilmi

A shekarun 1920 da 1930 ciwon barci ya yi mummunar ɓarna a tsakiyar Jihar Arewa. Ƙudan tsando ne yake ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum, danginta kuma, watau sammore, yana kashe shanu. Gwamnati ta fara binciken tsando a 1921 a ƙasar Katagum, aikin ya zauna a Gadau daga baya, a 1931 kuma aka kafa sashen yaƙi da ciwon barci wanda Dokta H. M. O. Lester ya jagoranta.

Ƙarfin wannan sashe bai dogara ga yawan likitoci ba, gama ba su da yawa. Ya dogara ga tsari guda da aka koya wa samari 'yan ƙasa masu ilmin elementare. Ƙungiya takan sauka a gari, a kira mutane gida-gida bisa ga lissafin dagaci, a shafa wuyan kowa ana neman kaluluwa, wanda aka samu da ita a tsaga da allura a ɗebi ruwan, a duba a madubin likita, a rubuta sakamako, wanda ya kamu a yi masa jerin allurai na Tryparsamide ko Antrypol. Haka ake yi a kowane gari, ba ragi ba ƙari. Daga 1931 zuwa 1940 an duba fiye da mutum miliyan 3, aka sami sama da 300,000 ɗauke da cutar. Da yake hanya ɗaya aka bi ko'ina, an iya zana taswira da ke nuna inda cutar ta fi tsanani, kuma gundumar Anchau ta fito cikin waɗanda suka fi shan wuya, inda kusan mutum ɗaya cikin uku ya kamu.

A ɓangaren ƙudan kuwa akwai wata ƙa'ida da aka fara a Tanganyika, wadda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya yi aiki da ita can kafin ya zo Gadau a 1933. Akan fitar da hanya guda a daji ko a bakin rafi, a raba ta kashi-kashi, a sa wa itatuwa lamba. A ranakun da aka tsai da, masu kamun ƙuda, adadinsu bai canzawa, sukan bi hanyar da 'yan ragoginsu, su tsaya a wuraren da aka ƙayyade, su kama duk tsandon da ya zo, a rubuta irinsa, namiji ne ko mace, sabon ƙyanƙyasa ne ko tsoho, da kashin hanyar da aka kama shi. Mai wucewa zai ce wasan yara ne. Amma in an yi haka mako-mako har shekara ta zagayo, aka haɗa da awon zafi da laimar iska, sai rajista ta fara magana. Ta nuna cewa tsandon bakin rafi ba ya jure zafi da bushewar bazara, sai ya fake a inuwar kurmi inda sarƙaƙiya ta rufe ruwa. Ashe ba sai an sare daji duka ba. In an share ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya aka bar dogaye masu miƙaƙƙen jiki, iska da rana za su gama aikin.

A kan wannan sani aka gina shirin Anchau, wanda aka fara a 1937 da kuɗin asusun raya ƙasashen mallaka. An share bakin rafuka na ɗaruruwan mil, aka fitar da wani zirin ƙasa mai faɗin murabba'in mil 700 da 'yan kai wanda babu tsando a cikinsa, aka tashi mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka zuwa sababbin garuruwa masu rijiyoyin siminti, aka kuma gina sabon gari kusa da tsohuwar Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Har ma an yi lissafin cewa sai an sami mutum 70 a kowane murabba'in mil kafin jama'a su iya sake share rafukansu kowace shekara ba tare da aikin ya fi ƙarfinsu ba, kuma wannan adadi shi ya zama mizanin inda za a tara mutane.

Wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. Dokar ciwon barci ta 1937 ta tilasta wa mutane fitowa dubawa da aikin gayyar sara, kuma ba da son ransu aka raba da yawa da kufan iyayensu ba. Ƙa'ida mai kyau a ɗakin bincike tana iya zama bulala a hannun mai mulki. Har ila yau, sunayen Turawa ne suka hau kan rahotanni, su kuwa malaman duba da masu kamun ƙuda, waɗanda a ƙafarsu da idonsu ƙa'idar ta rayu, yawancinsu tarihi bai riƙe sunansu ba.

Duk da haka, abin da ya bambanta Anchau da Riruwai a fili yake. Nash ya buga rahoton shirin a 1948. An kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma a Kaduna da Vom a ƙarshen shekarun 1940, ta koma hannun Nijeriya da sabon suna a 1964. Howell Davies ya rubuta littafin jagora musamman domin ƙananan ma'aikatan yaƙi da tsando, aka sake buga shi a 1967 da 1977. Saboda haka da Turawa suka tafi aikin bai tafi da su ba. Feshin magani da aka fara a tsakiyar shekarun 1950, wanda ya kori tsando daga yanki mai faɗin gaske na Arewa, da irin wannan zagayen kamun ƙuda aka riƙa tabbatar da nasararsa: a ƙidaya kafin feshi, a ƙidaya bayansa, ta hanya ɗaya.

Samaru: Gonar da Darajarta Take Cikin Rashin Canzawa

An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, a 1962 kuma ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Irin auduga da gyaɗa da dawa da manoman Kiru da Bebeji da Tudun Wada suka shuka shekaru da yawa, da shawarar taki da malaman gona suka kai musu, daga wannan cibiya mafi yawansu suka fito. A cikin dukan ayyukanta akwai guda wanda ya fi kowane bayyana abin da ake nufi a nan.

A 1950 aka ware wani fili aka yanka shi fegi 81. Abubuwa huɗu ake gwadawa: takin shanu, da sinadarai uku na takin zamani waɗanda manomi ya sani a jikin buhu da haruffan N da P da K. Kowanne ana ba shi a mataki uku, watau babu, ko kaɗan, ko da yawa, in aka haɗa su ta kowace fuska sai a sami haɗi 81, kowane fegi da nasa. Ƙa'idar ita ce kowane fegi ya ci gaba da karɓar abin da aka rubuta masa, shekara bayan shekara, kada a tausaya wa wanda ya rame a ƙara masa, kada a matsar da turakun iyaka, a auna amfanin kowanne dabam, a ɗebi ƙasarsa a gwada.

A shekara ta farko ko ta uku irin wannan gona ba ta faɗin wani abin kirki. Sai da aka yi shekaru goma sha, ashirin, sa'an nan ta nuna cewa dagewa a kan takin zamani mai sinadarin N shi kaɗai, musamman irin salfa da ake amfani da shi a lokacin, yana sa ƙasar yankin ta yi tsami, amfani ya riƙa raguwa, alhali fegin da ke samun takin shanu yana riƙe da ƙarfinsa, wanda ya haɗa biyun kuma ya fi duka. Manomin karkarar Kano da ke kai takin gida gona a kan jaki ya daɗe da sanin rabin wannan magana. Abin da gonar Samaru ta ƙara shi ne adadi, da dalili, da hujjar da za a iya ajiye wa mai tsara manufar taki a teburinsa.

Samaru ta ɗauko wannan salo ne daga Rothamsted ta Ingila, inda Lawes da Gilbert suka fara gwajin alkama a 1843, wanda har yanzu ana nomawa. Sun riƙa ajiye ƙasa da hatsi a kwalabe, ba su san duk amfanin da za a yi da su ba. A 1919 aka ɗauki R. A. Fisher ya duba tarin alkaluman, daga cikinsu ya fitar da hanyoyin lissafi waɗanda duk mai gwajin gona ko magani a duniya yake bi a yau, har da tsarin da aka yanka fegin Samaru da shi. Bayan ƙarni guda kuma masana suka buɗe kwalaben suka bi sawun gurɓatar iska da ƙurar gwajin makaman nukiliya. Ke nan ribar ƙa'ida sau da yawa ba mai kafa ta ne yake cinta ba, kuma takan zo ta ƙofar da bai zata ba.

Gonar Samaru ba ta sami irin wannan gata ba. Bayan matsin tattalin arziki da ya biyo shirin gyaran 1986, kuɗin bincike ya ƙaranta, ƙwararru da dama suka bar aiki, a wajen ƙarshen shekarun 1990 kuma aka bar filin saura na wasu shekaru kafin a koma masa. Ɗalibai suna ci gaba da samun digiri daga ƙasar wannan fili, gama tasirin shekaru arba'in da 'yan kai bai gushe ba. Amma shekarun da aka tsallake sun zama giɓi a rajista, kuma ko an ninka kasafin cibiyar sau goma ba za a cike su ba.

Kogin Kano: Ma'aunin da Ke Bakin Ruwa

Misali na ƙarshe ya dawo da magana cikin dajin Falgore kansa, gama ruwan da ya sauka a kansa da tuddan da ke kudu da shi shi ne yake taruwa a Tiga. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin ta riƙe ruwa kusan mita cubic biliyan 2. Daga nan babbar hanyar ruwa take kai shi gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda aka tsara noman rani na hekta 22,000 a kashin farko, cibiyar Samaru kuma ta buɗe tashar binciken ban ruwa a Kadawa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Duk wanda zai gina madatsa ko ya sarrafa ta yana bukatar amsar tambaya guda: ruwa nawa kogin nan yake kawowa, a shekarar albarka da shekarar fari? Hanyar samun amsa ba ta da wani ƙawa. Akan kafa sanda mai lambobi a bakin kogi, a sa mutum ya karanta tsawon ruwa safe da yamma ya rubuta. Lokaci-lokaci ƙwararru sukan zo da na'ura su auna gudun ruwan da faɗinsa da zurfinsa, domin a san tsawo kaza daidai yake da ruwa kaza. Dole a riƙa maimaita wannan awo, saboda kogin yashi yana canza shimfiɗarsa kowace damina. Dole kuma a ɗaure gindin sandar da wata tsayayyiyar alama a tudu, domin in ambaliya ta tafi da ita a mai da sabuwa daidai inda tsohuwar take. In aka kafa sabuwa da ka, lambobin jiya da na yau sun rabu ke nan, ko da rajista ta cika fal.

A shekarun 1960 aka kafa irin waɗannan ma'aunai a Wudil da Haɗeja da Gashuwa da wasu wurare, daga baya hukumar WRECA ta Jihar Kano ta riƙe nata rabon. Masu tsara Tiga da rajistar 'yan shekaru suka yi aiki, shekarun ma na wadatar ruwa ne. Fari na 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 suka zo suka nuna cewa gajeriyar rajista tana iya ruɗin mai ita. Abin da ya taimaka wajen fahimtar lamarin shi ne awon ruwan sama na Kano, wanda aka fara tun 1905, ya kuma riƙe shaidar farin 1913 da ya jawo yunwar Kakalaba. A Agustan 1988 madatsar Bagauda, ita ma a ƙasar Bebeji, ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, a farkon shekarun 1990 kuma aka rage tsawon mazubar Tiga saboda tsaro, ruwan da take iya riƙewa ya ragu sosai.

A daidai lokacin da aka fi bukatar alkaluma, a lokacin ne karatun ma'aunai ya yi rauni. Masu nazarin ruwan kwarin Komadugu Yobe a shekarun 1990 da 2000 sun yi ta cin karo da watanni da shekarun da babu awo. Illar wannan ba ta tsaya a ofis ba. Mai noman shinkafa a Kura, da mai shan famfo a Kano, da masunci da makiyayi a fadamun Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsu sun canza yanayin gudun kogin, duk ruwa ɗaya suke jayayya a kansa. In babu alkaluman da kowa ya yarda da su, rabon ruwa yakan koma ga wanda muryarsa ta fi ƙarfi.

Ƙasar Masar ta san darajar wannan tun da daɗewa. Ma'aunin Nilu da ke tsibirin Rauda a Alƙahira, wanda aka gina a 861 zamanin Halifa Mutawakkil, da shi aka riƙa sanin ko shekara za ta yi albarka, da shi kuma aka riƙa yanka haraji. Dauloli sun tashi sun faɗi, mai karanta ma'auni bai bar aikinsa ba. A 1951 H. E. Hurst ya yi amfani da rajistar ɗaruruwan shekaru ta wannan ma'auni ya nuna cewa shekarun fari sukan zo a jere, na wadata ma haka, binciken da ya shafi yadda ake lissafin girman manyan madatsu a ko'ina.

Abin da Tarihin Ya Koyar

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da halayen wannan irin dukiya, waɗanda suka sa ta sha bamban da sauran kadarori. Na farko, darajarta tana ƙaruwa da tsufa, saɓanin mota da na'ura. Rajistar shekara hamsin ta fi ta shekara ashirin da biyar daraja fiye da ninki biyu, domin ita ce za ta kama farin da ba ya zuwa sai jefi-jefi. Na biyu, tsadar riƙe ta kaɗan ce ƙwarai in an gwada da abin da ke rataye a kanta, albashin mai karanta ma'auni bai kai ko ƙwayar yashi ba a kuɗin gina Tiga. Wannan arha kuwa ita ce haɗarinta, gama abin da ba shi da ranar buɗewa da yankan kirtani shi ake fara sokewa in kasafi ya matse. Na uku, tana zaune ne a wuri biyu, a takarda da kuma a jikin ƙananan ma'aikata, in ɗaya ya ɓace ɗayan ba ya isa. Riruwai tana da masu hannu ba takarda. Ofisoshi da yawa kuwa suna da takarda a kabad, wanda ya san ma'anarta ya yi ritaya ba a zaunar da wani kusa da shi ba.

Riƙon ƙa'ida ba ya nufin ƙin canji. Nijeriya ta bar inci da eka ta koma milimita da hekta a shekarun 1970, na'urorin awo na zamani kuma sun zo, kwamfuta ta karɓi aikin rajista. Abin da ƙa'ida take bukata shi ne in za a canza hanya a rubuta ranar da dalilin, a kuma yi tsohuwar da sabuwar tare na wani lokaci domin a san yadda za a haɗa lambobinsu. Malaman zaure sun san wannan tun tuni, shi ya sa ba sa karɓar karatu sai da sanin daga wa aka ɗauko, shi kuma daga wa. Alkaluman bincike ma suna da irin wannan salsala.

Ga wanda yake ganin maganar ba ta shafi aljihu ba, akwai misali na kusa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Kasuwar duniya ba ta karɓar rantsuwa, takardar gwaji take nema daga ɗakin binciken da aka tabbatar yana bin rubutacciyar ƙa'ida, irin wadda mizanin ISO 17025 ya tanada tun 1999.

Kammalawa

Akwai abubuwan da ma'aikacin gwamnati zai iya yi ba tare da jiran sabon kasafi ba. Kowace cibiya ta lissafa rajistocinta masu dogon zango da littattafan ƙa'idarta cikin jerin kadarori, da sunan wanda ke da alhakin kowanne. A ware kuɗin awo na yau da kullum a layi na dabam wanda ba a taɓawa. Kada a sallami tsohon ma'aikacin fili sai magajinsa ya yi cikakkiyar damina da rani tare da shi, an kuma rubuta abin da ya sani. A yi kwafin tsofaffin rajistoci a ajiye a wuri fiye da ɗaya, har da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Ɗalibi kuwa, sa'ad da zai rubuta kundinsa, ya bayyana hanyar da ya bi dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa a bayansa, ya kuma ambaci waɗanda suka yi masa awo da sunayensu.

Dajin Falgore yana fuskantar sara da kiwo da matsalar tsaro, kuma yashin da ruwa yake kwasowa daga ƙasar da aka tsiraita a tafkin Tiga yake kwantawa. Ko dajin yana raguwa da sauri ko a hankali, ko tafkin yana cikewa cikin shekara hamsin ko ɗari, tambayoyi ne da za a amsa su kawai in akwai wanda ya auna bara, ya auna bana ta hanya ɗaya, ya kuma bar wa na baya bayanin yadda ya yi.